Jam'iyyar da Ta Ce Yaƙin Talaka Take Yi, Me Ya Sa Talaka Ya Fi Shan Wuya a Hannunta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare. A cikin karance-karancena na ci karo da labarin wata ƙungiya a ƙasar Peru mai suna Sendero Luminoso. An ce daga jam'iyyar kwaminis ta ɓalle, kuma shugabanta malamin jami'a ne. Abu biyu suka ɗaure mini kai. In har don talakawa ta ɗauki makami, yaya aka yi mutanen ƙauye suka fi mutuwa a hannunta? Sannan an ce ta kusa cin babban birni, amma ana kama mutum ɗaya sai ta watse. Yaya haka ta faru?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tambayoyin nan naka biyu tushensu ɗaya ne. Ƙungiyar nan a ɗakin karatu aka haife ta, a cikin kan mutum ɗaya, kuma har ta rushe ba ta taɓa yarda cewa manomi ya san abin da ya dame shi fiye da littafi ba. Bari mu bi abin daga fari.

Wani marubuci mai suna José Carlos Mariátegui ne ya kafa uwar jam'iyyar a 1928, ya rasu a 1930, daga nan ta ɗauki sunan jam'iyyar kwaminis ta Peru. Da rigima ta ɓarke tsakanin Tarayyar Sobiyet da Sin kan wace ce ke riƙe da sahihiyar aƙida, jam'iyyun kwaminis a ƙasashe da dama suka dare gida biyu. Ta Peru ta dare a 1964. Ɓangaren da ya bi Mao Zedong, shugaban Sin, ana kiransa Bandera Roja, wato Jar Tuta, kuma a cikinsa akwai wani malamin falsafa, Abimael Guzmán, haifaffen 1934, wanda ya fara koyarwa a jami'ar garin Ayacucho a 1962. Ya je Sin a 1965, ya dawo da tabbacin cewa ya gano bakin zaren. Zuwa 1970 ya sake ɓallewa daga Jar Tutar, yana zargin shugabanninta da cewa juyin juya halinsu a baki ya tsaya. Ka ga ke nan ɓaraka ce a cikin ɓaraka. Su kansu ba sa kiran kansu Sendero Luminoso. A wurinsu su ne jam'iyyar kwaminis ta Peru, sauran duk na bogi ne. Sunan, mai ma'anar Tafarki Mai Haske, daga wani taken ɗalibansu aka ciro shi don a bambanta su da sauran ƙungiyoyi masu suna iri ɗaya.

Wannan tarihin ɓaraka ba ƙaramin abu ba ne, domin ya bar musu hali. Mutumin da ya saba raba gari da 'yan'uwansa a kan fassarar jumla ɗaya, ɗan'uwan nan da ya saɓa masa ya fi ba shi haushi a kan abokin gaba. Bayan Mao ya mutu a 1976, Deng Xiaoping, wanda ya zama jagoran Sin, ya buɗe wa kasuwa ƙofa, sai Guzmán ya ce Sin ma ta ci amana. A ranar 26 ga Disamba 1980 mutanen Lima, babban birnin Peru, suka wayi gari suka ga matattun karnuka rataye a turakun fitilun titi, an maƙala musu takardu masu zagin Deng. Yawancin masu wucewa ba su ma san wane ne Deng ba. Babu wata ƙasa da ta tsaya wa ƙungiyar nan, ba Rasha ba, ba Sin ba, ba Kyuba ba, don duk ta yanke musu hukuncin fanɗarewa. Da nakiyar da suke sacewa daga ma'adinai da bindigogin da suke ƙwacewa hannun 'yan sanda suka fara.

Sai ka san Ayacucho kafin ka gane yadda malamin falsafa ya tara mayaƙa. Yanki ne na tsaunukan Andes, cikin mafi talauci a ƙasar, akasarin mutanensa da harshen Kechuwa suke magana, ba Sifaniyanci ba. An sake buɗe tsohuwar jami'ar garin a 1959 bayan ta shekara da shekaru a rufe, sai 'ya'yan manoma da na ƙananan 'yan kasuwa suka yi ta kwarara cikinta, da yawansu su ne na farko a danginsu da suka taka wannan matsayi. Yaro ya bar ƙauye, ya yi karatun da ya raba shi da rayuwar ubansa, amma in ya sauka Lima ana yi masa kallon baƙauye saboda launin fatarsa da karin harshensa. Ga wani malami mai kwarjini ya zo masa da bayani guda da ya amsa kowace tambaya, ya kuma ce masa shi ne tarihi ya zaɓa. Guzmán ya mayar da hankali a kan sashen horar da malamai, kuma ya san abin da yake yi: waɗanda suka gama sai a tura su makarantun ƙauyuka, su ci gaba da aikin a kan yara. Shekara goma suka yi suna wannan shuka ba tare da harbi ko ɗaya ba.

Amma akwai wani abu da ya faru a tsakani wanda littafinsu bai tanadi amsarsa ba. Gwamnatin soja ta Janar Juan Velasco, wadda ta karɓi mulki a 1968, ta ƙwace manyan gonaki daga hannun masu su tun daga 1969. Rabon bai yi wa kowa daɗi ba, talauci bai gushe ba, amma dai babban mai gonar nan da ke mallakar manoma kamar bayi ya riga ya tafi. Guzmán ya nace cewa Peru tana nan kamar Sin ta shekarun 1930. To, samarin da aka tura ƙauye neman azzalumin mai ƙasa, da ba su same shi ba, dole su samo wani su ɗora masa sunan. Sai abin ya faɗa kan mai ɗan kanti, da wanda shanunsa suka fi na maƙwabcinsa da goma, da mai gari. An bar jaki ana dukan taiki.

Sun fara a ranar 17 ga Mayu 1980 a wani ƙauye mai suna Chuschi, inda 'yan samari kaɗan suka ƙona akwatunan zaɓe. Washegari ƙasar za ta yi zaɓen shugaban ƙasa bayan shekara 12 na mulkin soja, kuma shi ne na farko da aka bai wa marasa karatu damar jefa ƙuri'a, wato dai su manoman nan da ake cewa don su ake yi. Gwamnatin Fernando Belaúnde ta ɗauki abin da wasa, tana yi musu kallon ɓarayin shanu.

A gaskiya shekaru biyun farko sun samu karɓuwa, bai kamata a ɓoye wannan ba. 'Yan sanda sun janye daga ƙananan ofisoshinsu na karkara, sai ƙungiyar ta zama ita ce hukuma. Ta yi wa ɓarayin shanu bulala, ta ja kunnen mashaya masu dukan matansu, ta tsorata masu ba da bashi da ruwa. Mutumin da ya shekara yana kai ƙara ba a saurare shi ba, ya ga an yi masa hukunci a yini ɗaya. A watan Maris 1982 suka fasa gidan yarin Ayacucho suka kwashe fursunoni. Da wata budurwa 'yar shekara 19 daga cikinsu, Edith Lagos, ta mutu a arangama da 'yan sanda a watan Satumba na shekarar, dubban mutane suka raka gawarta.

Daga nan ne aka fara ganin ainihin fuskar abin. Tsarin Mao shi ne a kewaye birane daga karkara, don haka sai umarni ya sauko cewa a yanke wa birane abinci. Aka hana cin kasuwannin mako. Aka ce kowa ya noma iya abin da gidansa da jam'iyya za su ci. Ka duba wannan da idon mutumin da ke zaune can ƙololuwar dutse, inda sanyi ba ya barin komai ya yi sai dankali da kiwon tumaki. Ranar kasuwa yake sauka da dankalinsa da ulu, ya hau da gishiri da kananzir da ashana da 'yar masara. A nan yake jin labarin 'yarsa da ke aure a wani ƙauye. Wanda ya rufe masa kasuwa ya rufe masa rayuwa, ko da wane sunan ya yi. Sannan aka tuɓe dattawan gari masu riƙe da sandar sarauta, waɗanda jama'a ke zaɓa bisa al'ada, aka ɗora yara 'yan makaranta a kansu. Aka hana bukukuwa, aka raina addini, aka fara ɗibar yara da ƙarfi. Bulala kuma ta koma yanka a bainar jama'a, a abin da suke kira shari'ar jama'a. Manomi yana son a hori ɓarawo, amma ba ya son a kashe shi, don ɓarawon nan surukin wani ne, kuma marayunsa a wuyan gari za su zauna. Wannan lissafi na zaman tare shi ne 'yan jam'iyya suka ɗauka a matsayin duhun kai.

Tura ta kai bango a farkon 1983. Mutanen wasu ƙauyukan kan dutse suka fara kashe mayaƙan da suka shigo musu. A cikin wannan ruɗani ne mutanen Uchuraccay suka kashe 'yan jarida takwas a ranar 26 ga Janairu, bisa zaton 'yan ƙungiyar ne. Wannan kisa duniya ta ji shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa bayan haka mutanen ƙauyen 135 aka kashe, yawanci a hare-haren ƙungiyar, har garin ya zama kufai. A Lucanamarca kuwa, bayan mutanen gari sun kashe wani kwamandan ƙungiyar, mayaƙa suka dawo ranar 3 ga Afrilu 1983 da adduna da gatura, suka kashe mutum 69, har da yara ƙanana da mata masu ciki. Ba za a ce wasu ne suka wuce gona da iri ba da sanin na sama ba, domin a wata doguwar hira da jaridar da ke goyon bayansu ta buga a 1988, Guzmán da bakinsa ya ce shugabanci ne ya tsara harin, don a gane cewa su ƙashi ne mai wuyar tauna. Yana da wata koyarwa ta cewa akwai kason jini da dole a biya kafin a yi nasara, na abokan gaba da na mabiya duka. Ga wanda ya yarda da wannan, yawan gawa alama ce ta cewa aiki yana tafiya.

Kada ka ɗauka ɗaya ɓangaren mala'iku ne. A ƙarshen Disamba 1982 Belaúnde ya tura soja, akasarinsu daga bakin teku, ba sa jin Kechuwa, kowane baƙauye ɗan tawaye ne a idonsu. A Putis, a watan Disamba 1984, sojoji suka tara mutanen da suka zo neman mafaka, suka sa mazan haƙa rami wai tafkin kiwon kifi za a yi, sannan suka harbe su suka binne a ciki, mutum 123. A Accomarca a 1985 an kashe fiye da 60. A watan Yuni 1986, zamanin Shugaba Alan García, an kashe fursunoni fiye da 200 wajen murƙushe bore a gidajen yarin Lima da kewaye, da yawansu bayan sun miƙa wuya. Wannan ta'asa ita Guzmán yake so, don a lissafinsa za ta tura jama'a hannunsa. Manomi ya shiga halin gaba kura baya sayaki.

To me ya sa daga ƙarshe ya zaɓi ɓangaren gwamnati? A fahimtata, soja yana zuwa ya yi ɓarna ya tafi, amma jam'iyya zama take yi, ta ce ga abin da za ka shuka, ga wanda za ka gaisar, ga ranar da ɗanka zai bi ta daji. Suna alfahari cewa jam'iyya tana da ido dubu da kunne dubu. Kuma zuwa ƙarshen shekarun 1980 sojan ya fara koyon darasi, ya rage kisan kan mai uwa da wabi, ya fara neman haɗin kan ƙauyuka. Ƙungiyoyin sintiri na manoma, da ake kira rondas, suka yaɗu, da farko da majajjawa da masu da bindigogin ƙirar gida, daga baya dokar 1991 ta ba su damar riƙe bindigar farauta. Mutumin Maiduguri da ya ga tasowar 'yan kato da gora a 2013 ya san abin da ke faruwa ran da 'yan gari suka fara nuna wane da wane da yatsa, ya kuma san cewa 'yan sintirin ma ba a rasa masu cin zali a cikinsu. Haka aka yi a Peru. Amma su suka kori ƙungiyar daga yawancin karkarar Ayacucho, tun kafin a kama shugabanta.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta biyu, kuma a nan ina da ɗan gyara. Maganar cewa ta kusa cin Lima, tsoro ne ya sa aka ga haka. Ko a lokacin ganiyarta mayaƙanta 'yan dubbai kaɗan ne, ba ta taɓa riƙe babban gari ko ɗaya ba. Ta karkata zuwa birni ne a daidai lokacin da ƙauye ke kuɓuce mata, duk da Guzmán ya shelanta cewa ƙarfinsu ya yi kunnen doki da na gwamnati. Sai dai birnin ya riga ya jigata. Hauhawar farashi ta haura kashi 7,000 cikin ɗari a 1990. Suna tayar da turakun lantarki da nakiya, gari ya yi duhu, sai a hango alamar guduma da lauje, tambarin 'yan kwaminis, tana ci da wuta a kan tudu. Suna kiran yajin aiki na dole, direban da ya fito a ƙona motarsa. A unguwannin talakawa kuwa, waɗanda suka fi farauta su ne 'yan gurguzun da ke shiga zaɓe, da shugabannin ƙwadago, da mata masu dafa abincin taimakon juna, saboda duk wanda ke rage wa talaka raɗaɗi yana jinkirta juyin juya hali ne a ganinsu. María Elena Moyano, mataimakiyar magajin garin Villa El Salvador, wadda ta fito fili ta ƙalubalance su, sun harbe ta ranar 15 ga Fabrairu 1992 a gaban 'ya'yanta, suka tarwatsa gawarta da nakiya. Ranar 16 ga Yuli bam ɗin mota ya tashi a titin Tarata, a unguwar masu hali ta Miraflores, ya kashe mutum 25. Sai a lokacin da yawa daga cikin masu kuɗin Lima suka ji a jikinsu abin da ake yi a kan duwatsu shekara 12.

Shugaba Alberto Fujimori, wanda ya rushe majalisa a watan Afrilu 1992, ya ci moriyar kama Guzmán ƙwarai, amma aikin na wani ƙaramin rukunin 'yan sandan ciki ne mai suna GEIN, wanda aka kafa a 1990 kafin ma ya hau mulki, ƙarƙashin wani jami'i Benedicto Jiménez. Dabararsu ita ce kada a yi gaggawar kamawa. In an gano mutum, a bi shi, a ga wa yake gani, shi ma a bi shi. A 1991 suka samu wani bidiyo a wani gida da suka kai wa samame, ga Guzmán yana rawa a tsakiyar manyan jam'iyya, sai aka tabbatar yana raye, aka kuma ga fuskokin na kusa da shi. Sawu ya kai su wani gida a unguwar Surquillo, inda wata malamar rawa ke koyar da ɗalibai a ƙasa. Mutum biyu aka sani a gidan, amma sharar da ake fitarwa ta fi ta mutum biyu. Jami'ai suka yi shigar masu kwasar shara, suna tona ta kullum, har suka ga kwalayen maganin wani ciwon fata da aka san Guzmán yana fama da shi. Daren 12 ga Satumba 1992, da aka buɗe ƙofa don sallamar wasu baƙi, suka faɗa ciki. Suka same shi a bene tare da Elena Iparraguirre, ta biyu a jam'iyyar. Ba a kashe kowa ba.

Abin da ya sa kama shi ya zama karyewar ƙashin baya, shi da kansa ya gina shi haka. Mabiya suna kiransa Shugaba Gonzalo, suna ɗaukarsa na huɗu bayan Marx da Lenin da Mao, aƙidar ma sunanta Tunanin Gonzalo. 'Yan jam'iyya suna rubuta takardar miƙa wuya gare shi, shi a karan kansa. Duk wanda ya taɓa yi masa gardama a kwamiti an wulaƙanta shi har ya tuba, don haka babu wani mai tunanin kansa da ya rage da zai gaje shi. Ga takardu da bayanan da aka kwashe, waɗanda suka kai ga kama shugabanni da dama, ga kuma dokar sassauci ga wanda ya tuba ya ba da bayani. Gwamnati ta nuna shi ga 'yan jarida a cikin keji da kayan fursuna masu zane, yana ta ɗaga murya. Abin da ya fi kashe wa mabiya jiki ya zo a 1993, lokacin da mutumin da ya ce musu sai an haye kogin jini ya rubuta wa Fujimori wasiƙa daga kurkuku yana neman sulhu.

A 2003 hukumar binciken gaskiya da sasantawa ta ƙasar ta ƙiyasta cewa mutum 69,280 suka mutu ko suka ɓace tsakanin 1980 da 2000. Kafin rahoton, adadin da ake ambata bai wuce rabin wannan ba, wato dubban mutane sun mutu ba wanda ya ƙirga su. Hukumar ta ɗora wa Sendero alhakin kashi 54 cikin ɗari na mace-macen da aka kai gabanta, abin da ba a saba gani ba a yaƙe-yaƙen yankin, inda galibi gwamnati ce ke da kaso mafi girma. Uku cikin kowane huɗu na mamatan, Kechuwa ko wani harshen 'yan asalin ƙasa ne harshen uwarsu. In za ka ba ɗalibanka adadi ɗaya, wannan na ƙarshen za ka ba su.

Ragowarsu ba ta ƙare ƙaf ba. An kama wanda ya ci gaba da yaƙin, mai laƙabin Feliciano, a 1999, aka kama wani mai laƙabin Artemio a 2012. Wani gungu ƙarƙashin 'yan gidan Quispe Palomino ya saura a kwarin da ake noman ganyen koka, yana rayuwa da kuɗin masu safarar hodar iblis, kuma su ma sun daɗe da kiran Guzmán maci amana. Shi kuwa Fujimori, kotu ta yanke masa shekara 25 a 2009 saboda kashe-kashen da wani rukunin soja na ɓoye ya yi a zamaninsa. Guzmán ya mutu a kurkukun sansanin sojan ruwa na Callao ranar 11 ga Satumba 2021 yana da shekara 86. Sai da aka yi sabuwar doka don a ƙona gawarsa, aka watsar da tokar a inda ba a bayyana ba, gudun kada kabarin ya zama wurin ziyara. Fujimori ya bi shi bayan shekara uku cif, ranar 11 ga Satumba 2024, shi ma yana da shekara 86.